Waƙar Da Ke Cikin Motar Yaya Sidiki

Aboabo, Tamale
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Memunatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da su Shahida. Yaya Kumasi? Ƙafar da kika ce tana damunki, da sauƙi? Mu nan damina ta kankama, kwatar bayan gida ta cika har ruwa yana leƙo zaure.

Kin ce in riƙa yi miki magana ta fon. Na gwada, na kasa. Kin san bangon gidan nan, in na yi tari a ɗakina Mma tana yi mini sannu daga nata. Abin da nake so in gaya miki ba na so ta ji, shi ya sa na rubuta na ba direban da ke kawo miki dawa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a makaranta.

Hawawu tana cikin takabarta, tana haƙuri. Kawu ya ce kada a taɓa komai na marigayi Yaya Sidiki sai ta fita, don haka tasinsa tana nan tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, inda ya ajiye ta da kansa ranar da ya dawo da ciwon kai bayan la'asar, ya kwanta bai ƙara tashi ba. Allah ya jiƙansa. Maganar motar nan ce nake so in yi miki.

Sau ɗaya kika shiga ta, ranar sunan Maltiti, ban sani ba ko kin lura da rediyonta. Motar daga Japan ta zo, a nan aka juya mata sitiyari. Rediyon duk rubutun Japan ne a fuskarsa, ba ya kama tashoshinmu sai guda ɗaya can ƙarshe, ita ma da shuuu. Amma akwai waƙoƙi a cikinsa, na mutumin da ya fara mallakar motar. Yaya ya yi ta danne-danne har rediyon ya tsaya a kan waƙa ɗaya, in ta ƙare ta sake farawa, ba wanda ya san yadda za a fid da shi daga nan. Da farko yana zaginta. Daga baya in fasinja ya ce a kashe, sai ya ce masa ga wata mota can a baya. Wata mace ce take rerawa a hankali, kamar tana tsoron tada yaro daga barci, shi ya sa direbobin tasha suka sa wa motar suna Mai Raɗa.

Irin wannan rediyon, in wuta ta yanke masa ko da na ƙiftawar ido ne, ya kulle ke nan. Sai ya nemi wani ɗan kati nasa, katin kuwa ba a zo da shi ba. Yadda ya ƙetare teku da ransa, Allah kaɗai ya sani. A shagon masta, maigidana na wurin aiki, muna da tarin irinsu, matattu, muna cire musu ƙusa. Saboda haka duk lokacin da Yaya zai sake batir sai ya kira ni, in zo da ƙaramin batirin moto, wato babur, in haɗa waya ja da baƙa in riƙe, har ya gama. Yakan ce, "Dokta, riƙe mini mara lafiyar, kada ka yi atishawa."

Bayan an watse daga zaman makoki na tuna mota in ta daɗe a ajiye batirinta yana mutuwa. Da hantsi na shiga na murɗa makulli. Yaya Memunatu, ban san waƙar tana ci gaba daga inda aka kashe ta ba ne, ko kuwa na sani na manta. Matar ta buɗe baki daga tsakiyar kalma, ta ƙarasa kalmar da ta fara ranar da shi ya zare makullin. Kujerar ma tana nan a ja baya daidai tsawon ƙafarsa, ƙafata ba ta kai ba.

Mma tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Hawawu, ɗebo masa ruwa, ya dawo." Sannan hannunta ya tsaya a kan rariya. Na kashe motar da sauri. Sai Maltiti ta fito da gudu ta tsaya tana kallona ta gilashi.

Tun ranar, duk yammar da na tada motar, Mma tana zuba tuwon zafi a kwanonsa mai murfi ta ajiye. Nata kuma ba ta taɓawa sai ya huce. Ki gaya mini yadda kika gani.

Ki gai da kowa. Ƙaninki,
Imoru

Aboabo, Tamale
Ranar Laraba

Yaya Memunatu,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, da man zafin da kika aiko wa Mma, ta gode. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Ina fatan Shahida ta warke daga murar.

Kin yi mini faɗa, kuma kina da gaskiya. Kin ce ke da ba makanike ba ce kin san ana yi wa batir caji ba sai an murɗa makulli ba. Haka ne. Ina da abin cajin a shago. Na ce wa kaina inji yana son a motsa shi, taya tana son a juya ta. Amma gaskiyar ita ce ni nake so in ji. In ta fara, har ta kai wurin da jita take yin ƙasa, ina jin kamar yana bayan bonet yana ce mini kada in yi atishawa. Ba na barinta ta yi nisa. Da na ga labulen Mma ya motsa sai in kashe.

Bari in gaya miki abin da ya faru makon jiya. Akwai wata 'yar Japan, Madam Yoshiko, tana aiki da manoman shinkafa a hanyar Savelugu. Ta kawo motonta shagonmu, fitila ba ta kamawa. Tana jin Dagbanci fiye da ni, har tana tsokanar masta wai gemunsa ya fi aikinsa kyau. Da na gama gyaran na yi ƙarfin hali na roƙe ta ta zo ta karanta mini rubutun rediyon. Na zaɓi lokacin da Mma take zuwa gaisuwar Juma'a a Sakasaka.

Ta shiga ta zauna a gefen fasinja, na murɗa. Ba ta kalli rubutun ba ma. Ta ɗora hannu a baki, ta daɗe haka. Ta ce ba ta san wadda take rerawa ba, amma irin waƙar da mahaifiyarta take sa wa ce in tana guga, tun ita tana ƙarama. Mahaifiyar ta rasu ita Madam tana nan Gana, ba ta samu zuwa ba sai bayan an gama komai.

Ta ce kiɗan ba na Japan ba ne asalinsa. Na Brazil ne, sunansa bosa noba. Wai zamanin da mahaifiyarta take budurwa mawaƙansu suka ji shi suka so shi, suka riƙa ɗora masa harshensu, ana sa shi a gidajen shan kofi. Ta nuna mini da yatsu a kan gwiwarta: babban yatsa yana tafiya daidai, ɗaya bayan ɗaya kamar mai zuwa kasuwa, sauran yatsun kuma ba sa sauka tare da shi, kullum suna riga shi kaɗan ko su makara kaɗan. Ni na daɗe da lura da wannan, ban dai san da gangan ba ne. Ina ce wa Yaya mai jitar nan kamar baƙo ne da ya zo ƙofar gida yana shawarar ko ya yi sallama ko ya juya. Akwai kuma wani abu da ake girgizawa a baya, sak shinkafa a faifai in Hawawu tana sheƙa.

Sai ta ƙara da abin da ya hana ni sukuni. Ta ce su ma mutanen Brazil, tushen kiɗan nasu daga baƙaƙen da aka kai can a jirgin ruwa ne, bayi. Nan take na tuna Salaga, garin kakarmu. Kin tuna rijiyoyin nan da take cewa a nan ake yi wa mutane wanka kafin a kora su kudu? Na taɓa raka Yaya can ya kai fasinja, muka tsaya a bakinsu, motar tana kunne a bayanmu, matar nan tana raɗa. Ban ce daga Salaga kiɗan ya tashi ba, ban sani ba, Madam ma ta ce ba ta sani ba. Amma tun ranar ina tunanin wani da aka tafi da shi ba ko riga, bai ɗauki komai ba sai yadda ƙafarsa take taka ƙasa, abin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, teku bayan teku, har ya shigo Aboabo a cikin tsohuwar tasi. Waƙar nan mutane nawa ne a cikinta, Yaya? Mai motar na farko, da uwar Madam, da waɗancan, yanzu ga namu.

Na tambaye ta me matar take cewa. Ta ce ba wani abu mai yawa ba ne, wata ce ta buɗe taga bayan ruwa ya ɗauke, tana cewa iska ta canja, shayin da ta zuba ya huce. Ta gwada fid da rediyon daga waƙa ɗayar, na riƙe hannunta na ce ta bari.

Kin ce in ɗauka a fon in huta. Na ɗauka tun tuni. Na kunna wa Mma ita a fon, ta ce wannan ba tasa ba ce, in kashe mata ƙara. Ni kuma ba na iya sauraron abin da na ɗauka, don a tsakiya ana jin muryarta daga nesa tana cewa, "Sidiki, kai ne?"

Na yi miki alkawari zan daina murɗa makullin. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Imoru

Aboabo, Tamale
Ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, direban yana jirana.

Na cika alkawari, caji kawai nake yi, motar ba ta ce uffan ba. Amma abin bai gyaru ba. Da, Mma tana ajiye kwano ne ranar da ta ji waƙar. Yanzu kullum take ajiyewa. Da la'asar ta yi sai ta jawo kujerarta bakin zaure ta zauna tana kallon hanya, moto ya wuce, yalo-yalo mai ƙafa uku ya wuce, ita tana nan. Jiya mai nono ta gaishe ta har sau biyu ba ta amsa ba. Ta rame, zobenta yana juyawa a yatsa. Ba ta rikice ba, ki gane ni. Tana salla a kan lokaci, tana yi masa addu'a da sunansa a cikin mamata. Ta san ya rasu, kunnenta ne bai sani ba.

Ni ma ba lafiya ce da ni ba. Ina jin kiɗan a fankar shago, ina jin sa a ɗigon ruwa daga kwano zuwa bokiti. Shekaranjiya da rana tsaka na fito da gudu don na rantse an tada motar, na tarar da ita a rufe, ganye ya rufe gilashi, Hawawu ce take sheƙa a bayan ɗaki.

Hawawu ta kusa fita takaba. Kawu ya yanke cewa Yidana, abokin Yaya na tasha, shi zai riƙa aiki da motar saboda yara. Yidana mutumin kirki ne, amma ya ce ba zai iya tuƙi da waƙar nan ba. Ya ce, "Imoru, ni fasinja nake so in ɗauka, ba abokina ba." Yana so a sa masa rediyo mai kama tashoshi.

Na yi shawara. Zan ciro shi da ransa. In na haɗa batirin moto kafin in kwance wayar mota, wuta ba za ta yanke ba. Zan kai shi shago in ajiye a ƙarƙashin teburi, in riƙa yi masa caji, Mma ba za ta ƙara ji ba, ni kuma ban rasa shi ba. Don Allah kada ki gaya mata.

Ƙaninki,
Imoru

Aboabo, Tamale
Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata Memunatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gai da maigida da yara. Mun ji dalilin da ya hana ki zuwa fitar takabar, ba wanda ya ga laifinki. An yi lafiya, 'yan'uwan Hawawu sun zo daga Nyanshegu, an yi addu'a, an ci abinci.

Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Washegari da safe, bayan Mma ta shiga ɗaki, na fara aikin. Na kwance fuskar gaban motar, na haɗa batirin moto, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yin aiki a hankali kamar wannan ba. Na ciro rediyon da ƙaramar sifika ɗaya, na jera su a faranti babba na Hawawu tare da batirin, fuskarsa tana nan da haskenta. Na ɗauko farantin da hannu biyu kamar mai kai wa baƙi abinci, ina tafiya ina kallon wayoyin, ban kalli gabana ba.

A bakin zaure na tarar da Mma a tsaye. Ta dubi farantin ta dube ni. Ta ce, "Ina za ka kai shi?" Na ce shago, gyara zan yi. Ta ce, "Imoru, ni na haife ka, ƙarya ba ta yi maka kyau a baki. Ajiye nan."

Na ajiye a tabarma. Ta kira Hawawu, ta kira Maltiti, ta zauna ta miƙe ƙafa. Sannan ta faɗi abin da har yanzu yake yi mini yawo a kai. Ta ce shekara da shekaru ba ta taɓa jin waƙar nan daga farko zuwa ƙarshe ba. Abin da ta sani shi ne guntun da ke shigowa da shi daga kwanar masallaci zuwa gindin dogon yaro, sai a kashe, sai ta ji ƙofar mota, sai sallamarsa. Ta ce, "Kai kuma kullum sai ka kawo mini shi har ƙofa, ka kashe, ba ƙofar mota, ba sallama. Ka bar shi a tsaye a waje. Da ka daina kuma, sai ya zama bai ma iso ba. Sa ta daga farko, kada ka taɓa."

Ban san yadda ake mai da ita farko ba, sai da muka jira ta ƙare ta zagayo. Muka zauna mu huɗu a tsakar gida, rana ta fara zafi, kaji suna tono kusa da farantin. Jitar ta fara, babban yatsa yana tafiyarsa, sauran suna jinkiri. Matar ta shigo. Mma ta rufe ido. Da aka zo wani wuri ta ɗaga yatsa ta ce, "Nan ne kwanar masallaci." Can kuma ta ce, "Nan yake kashewa." Amma waƙar ba ta tsaya ba, ta wuce wurin. Ni kaina, Yaya, tun rasuwar ban bari ta tafi haka ba tsayawa ba sai ranar da Madam ta zo, ranar kuwa ita nake kallo. Ashe a ƙarshe matar tana daina kalmomi, sai ta riƙa bin jitar da baki kawai, da-ba-da, da-ba-da, kamar mai aiki ita kaɗai a ɗaki, sautin yana raguwa yana raguwa kamar mota ta yi nisa, har ba ka san daidai inda ya ƙare ba. Hawawu tana kuka ba sauti. Maltiti ta ce Baba ma haka yake yi in yana wanke mota.

Akwai ɗan shiru kafin ta sake farawa. A cikin shirun nan Mma ta miƙa hannu wajen farantin ta ce, "Wace ce wayar?" Na gane abin da take nufi. Na ce Mma, in aka cire shi ke nan, ba ni ba, ko masta ba zai iya dawo da ita ba. Ta ce ta sani, ta sha jin mu muna faɗa. Na ce to ki bari in ajiye a shago, ba za ki ji ba. Ta ce, "Ni ba zan ji ba, kai fa? Ka zauna ƙarƙashin teburi kana riƙe wa mamaci waya har ka tsufa?"

Jitar ta riga ta sake farawa. Na daɗe ina kallon farantin. Ba ta matsa mini ba, ba ta kuma sauke hannunta ba. Na nuna mata jar. Ta kasa buɗe bakin abin da ya kama kan batirin, ƙarfe ne mai tauri. Sai na ɗora hannuna a kan nata muka matsa tare. Ta ce bismillahi, wayar ta fita. Matar ba ta kai ga buɗe baki ba.

Daga baya da na kai shi shago na mai da wayar, ba don komai ba, don in gani da idona. Ya kawo haske, ya rubuta layi biyu da rubutunsu, ya tsaya a nan. Na ɗora shi a kan tarin 'yan'uwansa.

Da yamma Yidana ya zo ɗaukar motar. Na sa masa sabon rediyo, ya fita ana karanta labarai da Dagbanci. Mma ba ta fito bakin zaure ba. Da aka sauke tuwo ta ɗauko kwanon Yaya mai murfi, na ɗauka za ta ajiye masa, sai ta cika shi ta miƙo mini, ta ce nawa ya yi ƙanƙanta ga namiji mai aiki. Ta ci nata da zafinsa, har ta ce miyar ba gishiri. Hawawu ta yi dariya, karo na farko.

Ba zan ce miki komai ya wuce ba. Wurin da motar ta tsaya ciyawa ba ta fito ba, an ga siffarta a ƙasa, ina kauce masa in zan wuce. Jiya kuma na ga Mma tana tsince shinkafa, babban yatsanta yana buga gefen faifai daidai, sauran suna makara kaɗan. Ba ta san tana yi ba, ni ma ban gaya mata ba.

Kin ce in turo miki wadda na ɗauka a fon. Ki yi haƙuri, ba zan turo ba, akwai tambayar Mma a ciki. In kin zo da Salla ki zauna kusa da ita lokacin da take tsince shinkafa, za ki ji.

Mma tana gaishe ki, ta ce ki zo mata da kanwa mai kyau. Hawawu da Maltiti suna gaisuwa. Allah ya jiƙan Yaya Sidiki, ya sa ya huta.

Ni ne ƙaninki,
Imoru